Gonarmu Mai Wutsiya

Ni na kawo maganar rajistar gona gidanmu, kuma da alfahari na kawo ta. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Zuru, a can na ji cewa tsoffin takardun gona sun kusa zama tarihi, yanzu kowa sai ya kai filinsa a shigar da shi kwamfuta, a ba shi taswira da lamba. Ranar Asabar na hau babur na tafi ƙauyenmu da ke wajen Manga, na zaunar da iyayena na yi masu bayani kamar ina gaban 'yan aji uku. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce tun da gwamnati ta faɗa, magana ta ƙare. Mama kuwa tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ɗorawata fa?"

Ɗorawar Mama ba a gonarmu take ba. A cikin gonar maƙwabcinmu take tsaye, kamar taku talatin daga iyaka. A wajenmu wannan ba abin tambaya ba ne, ƙasa tana da mai ita, itace ma yana da mai shi. Kakata ce ta bar wa Mama wannan ɗorawa, ita ma daga uwarta ta same ta. Filin ya canja hannu tun kafin a haife ni, amma ɗorawar ba ta bi shi ba, kuma ba wanda ya taɓa rubuta haka a takarda, don ba wanda bai sani ba. Duk bazara Mama takan shiga da doguwar gorarta mai ƙugiya ta kaɗo ɗorawa, ta wanke kalwa, ta dafa, ta yi daddawa. Daddawar nan ta san kasuwar Zuru, ta san ta Danko, har Bena an kai ta. Da ita aka ɗinka mini rigar makaranta ta farko. Curin farko na kowace shekara gidan mai gonar ake aikawa, ya karɓa ya sa albarka, shi ke nan yarjejeniyar.

Mai gonar tsohon soja ne kamar Baba. Tare suka shiga, tare suka ajiye kaki, sai dai shi ya fito da igiya uku, Baba da biyu. Don haka duk ƙauyen shi Saje ne, Baba kuwa Kofur, har Mama haka take kiransa in ta so tsokana. Sun fi shekara ashirin da barin bariki, amma Baba bai taɓa hango Saje ya wuce ba. Sai ya je gabansa, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. A ƙofar coci haka, a kasuwa haka. Akwai shekarar da suka haɗu a bakin rafi, Baba na ɗauke da buhun dawa a ka, ya saki buhun ya sara, dawar ta bi ruwa. Mama ta yi sati ba ta sa masa nama a miya ba, shi ko a jikinsa.

Damuwar Mama ba Saje ba ne, ɗansa ne na fari. Tare muka yi firamare da shi, tun a lokacin ba ma shiri. Yanzu ɗan kwangila ne a birni, in ya zo gida gilashin motarsa ba ya sauka. Ya riga ya faɗa wa duk mai son ji cewa gonar ubansa wurin buga bulo za ta koma, har ya taɓa kawo masu injin yankan itace suka kwantar da kaɗanya biyu da tsamiya ɗaya a ƙuryar gabas. Ɗorawar ta tsira ne kawai don Saje yana raye, ga shi kuma gwiwoyinsa sun fara ƙin ɗaukarsa.

Na ce wa Mama ta kwantar da hankalinta, kwamfuta ta fi mu wayo, ba za ta rasa inda za ta sa itace ɗaya ba.

Ranar da muka je ofishin rajista cike fom, Mama ta ce sai ta bi ni. Ma'aikacin da muka samu wani mutum ne mai tumbi, da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ba shi da mugun hali, gajiya ce kawai ta yi masa yawa. Ya tambayi sunan mai gona, ya rubuta. Ya tambayi maƙwabta gabas da yamma, ya rubuta. Sai Mama ta matso.

"Yaro, ka sa mini ɗorawata."

"Tana cikin gonar, Mama?"

"Tana cikin ta Saje. Amma tawa ce."

Ya dube ni, ya dubi allon kwamfutarsa, ya gangara ƙasa ya hau sama. Ya ce akwai gurbin gini, akwai gurbin rijiya, babu gurbin itacen wani a filin wani. Ya ce ita kwamfuta layi ta sani, duk abin da ke cikin layi na mai layi ne.

Nan na tashi da faɗa. Ni dama ba a daɗe ana nemana. Na tambaye shi ko waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa cin miyar daddawa ba. Na ce a kira mini shugabansa. Ya ce shugabansa ma wannan allon yake kallo. Na yi ta zuba har mutanen da ke kan layi suka fara cewa Malama a yi haƙuri. Da muka fito, haushin da ban iya saukewa a kansa ba sai na sauke shi a kan Mama, na ce mata zamani ya canja, sai ta koyi haƙuri da itace ɗaya. Har yau in na tuna wannan maganar kunya takan kama ni. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce in je, ita za ta biya kasuwa.

Sati biyu bayan nan aka sa mana ranar awo. Bazara ce, rana tun da hantsi ta fara hukunci. Gonarmu kuwa a jikin tudu take, duwatsu da ƙaya da ramukan gafiya. Ma'aikacin nan mai tumbi ya sauko daga babur, ya ɗaga kai ya dubi tudun, ya sunkuya ya dubi takalminsa. Sai ya ciro wata na'ura mai kama da wayar hannu, amma ta fi kauri, ya miƙa wa Baba.

"Baba, kai ka fi kowa sanin iyakarka. Ka riƙe wannan ka zagaya. Duk inda ka tsaya, ka danna jan maɓallin nan. Ka gane?"

"Duk inda na tsaya, in danna," in ji Baba.

"Shi ke nan."

Ba a ba tsohon soja oda haka a kwance. Mutumin yana nufin kusurwoyin gona, kowa ya san haka, har ni. Amma bai ce kusurwa ba, Baba kuma bai saba ƙara wa oda gishiri ba. Ya soke rigarsa cikin wando, ya riƙe na'urar a ƙirji da hannu biyu, ya kama hanya. Ma'aikacin ya samu inuwar wani dutse ya zauna yana fifita da fayil ɗinmu. Ni na bi Baba a baya da gorar ruwa.

Gaskiya ban taɓa ganin an zagaya gona da irin wannan ladabi ba. A wajen dutsen da ya yi kama da turmi ya tsaya ya danna. A wajen tsohon suri ya tsaya ya danna. Ƙaya ta kama masa wando, ya tsaya ya cire, ya danna, na gani amma ban kawo komai a raina ba, tun da a kan iyaka muke. Muka gangaro ta yamma, inda jerin gamba ya raba mu da gonar Saje.

A nan Baba ya ci birki. Can ƙarƙashin ɗorawar Mama, ga Saje zaune a kujerar roba, da sandarsa a kan cinya, da tsohuwar hularsa ta soja. Na yi mamaki, don rabon Saje da gona ya kai shekara biyu. Na kuma lura kujerar hannunta ɗaya a karye yake an ɗaure da waya, har na ce a raina ashe ba mu kaɗai ke da irinta ba.

"Baba, mu ƙarasa tukuna, in ya so ka dawo ka gaishe shi," na ce.

Ya dube ni kamar na ce ya shiga coci da takalmin gona. Ya tsallake gambar ya nufi ɗorawa, hannu na lilo. Taku uku kafin kujera ya buga ƙafa har ƙura ta tashi.

"Barka da hutawa, Sa!"

"Kofur, mi kake yi cikin rana haka?"

"Aikin gwamnati, Sa!"

"Madalla. Amma ka tsaya mini ta wajen rana, ba ni ganin fuskarka. Koma wancan gefe."

Baba ya zagaya ta bayan gindin ɗorawar, ya tsaya a ɗaya gefen, ya sake buga ƙafa. Saje ya juya wuya da kyar, ya ce a'a, nan kuma wuyansa ba ya kaiwa, ya ƙara matsawa can. Baba ya ƙara matsawa, ya ƙame. Sau huɗu aka yi haka, sai da Baba ya kewaye itacen nan tas. Ni ina gefe ina cika ina batsewa, ina cewa a raina tsufa dai ba shi da kyau, dubi yadda tsohon nan yake juya ubana kamar akuya a turke. Ban dubi babban yatsan Baba ba ko sau ɗaya. Da Saje ya sallame shi, ya dawo kan iyaka, taku biyu gaba da inda ya fita, ya tsaya ya gyara wando, muka ci gaba.

Bayan wata guda aka kira mu mu ga taswira. Ma'aikacin ya juyo mana da allon. Gonarmu ce sak, ga wajen dutse, ga wajen suri, har ɗan lanƙwasar da ƙaya ta jawo. Sai dai ta yamma wata doguwar aba ta fito siririya, ta ratsa cikin gonar Saje, ta je ta yi dunƙule a ƙarshe. Gonarmu ta yi wutsiya.

"Wannan mene ne?" na tambaya.

"Ni ma shi nake so in tambayi Baba."

Baba ya matsa kusa da allon, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce nan ne ya gaida Saje, kuma ya tsaya, kuma an ce duk inda ya tsaya ya danna. Ma'aikacin ya dafe kai. Ni na rasa inda zan sa fuskata, ni da na bi shi da gorar ruwa, ni mai takardar koyarwa. Mama kaɗai ce ba ta nuna damuwa ba. Ta dai tambaya ko dunƙulen nan ya kama itacen duka, aka ce mata ya kama, ta ce to.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. An zo shigar da gonar Saje, kwamfuta ta ƙi karɓa, ta ce fili ya hau kan fili. Washegari ɗan Saje ya iso daga birni, wannan karon har gilashi ya sauka. A ƙofar gidanmu ya tsaya yana ɗaga murya, wai an yi amfani da tsufan ubansa an yanki gona da na'ura. Na fito na ce masa wanda ya kasa haddace jadawalin bakwai sai da aka maimaita masa aji ba shi zai koya mana awo ba. Ya ce ai ga inda nawa ilimin ya kai mu. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Abin ya fi taɓa Baba. Mutumin da ko kan dawar wani bai taɓa karya ba, yau ana kiransa mai cin iyaka. Ya daina cin abinci sosai. Ya ce a koma ofis a yanke wutsiyar nan, ko da za a haɗa da rabin gonarsa. Na goyi bayansa, amma zuciyata ba daɗi, don na san ranar da aka yanke ta, kwanan ɗorawar Mama ya fara ƙarewa. Na saci kallon Mama, tana ta tsince kalwa a faifai kamar ba da ita ake ba.

Aka sa rana muka hallara a ofis: ni da Baba da Mama, da Saje da ɗansa. Ma'aikacin ya yi bayani cewa hanya biyu ce. Ko maƙwabtan biyu su dangwala yatsa a goge wutsiya a sake awo, ko kuma mai gonar da aka shiga ya dangwala cewa ya yarda da iyakar yadda ta fito.

"A goge," in ji Baba.

"A goge mana," in ji ɗan Saje.

Saje ya sa aka matso masa da allon. Ya bi wutsiyar da kan sandarsa tun daga gindi har dunƙule, a hankali, yana gyaɗa kai.

"Wanga aiki ya yi kyau," ya ce. "Wa ya auna?"

"Ni ne, Sa. Kuskure ne, Sa."

"Ni ban ga kuskure ba. A bar shi."

Ɗansa ya miƙe tsaye. "Baba, fili ne fa za ka bayar! Tsakiyar gona!"

"Gonar wa?"

Ɗan ya kau da kai gefe.

"Na ce gonar wa? In na mutu ka yi bulo har bisa kabarina. Yau dai ina nan." Ya juya wajen Baba, wanda ya buɗe baki zai yi magana. "Kofur!"

"Sa!"

"A bar shi. Oda ce."

Baba ya dubi allon. Duk duniya ba abin da yake so kamar a wanke sunansa, amma an ce oda ce. Ya buga ƙafa a kan simintin ofis har wata ma'aikaciya ta zabura, ya ce, "An gama, Sa."

Saura dangwala yatsa, a nan kuma aka samu cikas. Saje ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan gilashin na'urar ɗaukar yatsa, na'ura ta yi ja. Ya sake, ta yi ja. Aka gwada manuni, aka gwada na tsakiya, aka koma hannun hagu. Shekarun fartanya da na bindiga sun shafe zanen yatsun nan, sun bar su sumul kamar bayan ludayi. Ma'aikacin ya ce in na'ura ba ta karanta ba, sai dai magaji ya sa hannu a madadinsa. Ɗan Saje ya fara naɗe hannun riga, fuskarsa har ta washe.

Sai Mama ta kwance bakin zanenta. Ta fito da wani ɗan ƙullin leda, man kaɗe ne a ciki. Ta durƙusa gaban Saje, ta kama babban yatsansa ta murza masa man sosai, ta goge da gefen mayafinta, ta hura masa iska.

"Gwada yanzu, Yaya," ta ce.

Ya ɗora. Na'ura ta yi kore.

A kan hanyar gida lissafi nake ta yi. Wace mace ce take zuwa ofishin gwamnati da man kaɗe a bakin zane? Bayan kwana biyu na same ta a bayan ɗaki tana tuƙa kalwa a tukunya, Baba ya tafi gona. Na tambaye ta kai tsaye. Ta ce matan da ke sayen daddawarta sun gaya mata komai tun ranar da na bar ta a kasuwa: mai tumbin nan ba ya hawa tudu, mai gona yake ba na'ura, ga kuma abin da yake faɗa in zai bayar. Su ne kuma suka ce mata na'urar yatsa ba ta son busasshen hannu.

"To Baba Saje fa, ya aka yi ya je gona ranar?"

Ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da na yi wa bayani sau uku.

"Ke da kika yi boko, ba ki gane kujerar gidanku ba? Tun da asuba na kai ta a kaina. Shi kuma a amalanke aka tura shi."

Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce in na kuskura na gaya masa, in nemi wata uwar. Shekara arba'in tana faɗa da gaisuwar nan tasa, ta ce, har buhun dawa ta ci mata, ai ya kamata ta yi mata amfani sau ɗaya.

Saje ya rasu da damina ta biyu bayan haka. Ɗansa bai ɓata lokaci ba, ya share gonar ya zagaye ta da katanga. Amma taswira tana cikin kwamfuta, da lamba, da yatsan ubansa. Dole magina suka bi layi. Katangar ta taho miƙe ta kan iyakarmu, ta karya ta shiga ciki, ta kewaye ɗorawar, ta dawo ta fita, ta bar wani lungu mai faɗin taku biyu. Masu wucewa kan tsaya su yi dariya, har an mai da wurin abin kwatance, a ce in ka kai katanga mai wutsiya ka yi dama. Mama tana shiga da gorarta duk bazara, ta bayan katanga injin bulo na ta ruri, ita tana kaɗa ɗorawarta. Curin farko har yanzu gidan Saje take aikawa, matar ɗan ce ke karɓa a ɓoye, don ita ma miya take yi.

Bara na je gida hutun Ista, na fita gona neman Baba in kira shi cin abinci. Ban gan shi a tudu ba. Na gangaro ta yamma, sai na hango shi yana shiga lungun nan, shi kaɗai, riga a soke cikin wando. Yanzu shi ma da sanda yake tafiya. Ya isa gindin ɗorawar, daidai inda kujerar ta zauna, ya jingine sandar a jikin katanga. Ƙafar ba ta bugu kamar da ba, ko ƙura ba ta tashi ba, amma ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara, ya daɗe a haka.

Ban kira shi ba. Na koma gida na ce wa Mama a rufe masa tuwonsa, yana wajen Saje.